Baba Gefe da Fuskar Malama

Shekara arba'in da ɗaya Baba Gefe ya yi yana buga hatimi a gidan waya, kuma har ya ajiye aiki babu wanda zai iya nuna maka wasiƙa ɗaya da ya ɓata fuskar mutum a jikinta. Ga wanda bai san aikin ba, abin ba wani abu ba ne. Wasiƙa ta zo da kan sarki manne a kusurwa, ka dangwala hatimi a soson tawada, ka buga masa don kada wani ya ɓamɓare shi ya sake aiki da shi, shi ke nan. To amma Baba yana da tasa dokar wadda ba ta cikin littafin kowa. Muddin akwai fuskar mutum a jikin kan sarki, hatiminsa a gefe yake sauka, ya ci kusurwar ƙasa, rabi a kan sarkin rabi a ambulan, kwanan wata ya fito raɗau, fuska kuma ta tsira. Ko tsuntsu aka zana ba ya buga masa a ido.

Duk wanda aka turo koyon aiki a hannunsa, kalmar farko da zai ji ita ce "gefe", ta biyu ma "gefe", har sunan ya bi shi ya danne na yanka. In ka yi ƙarfin halin tambayarsa dalili, sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce wannan da kake gani ɗan wani ne, uban wani ne, ba a kawo shi nan don a mare shi ba. Wasu su yi dariya a ɓoye, wasu su ce tsohon yana da tsirfa, amma duk wanda ya bar wannan kantar da hannun Baba yake tafiya.

Matarsa kuwa, wadda kowa ke kira Malama, a waje take, a baranda, gefen jan akwatin da ake jefa wasiƙu. Tana da ɗan tebur mai naɗewa da kujera biyu, sana'arta rubuta wa mutane wasiƙa. Sai dai ban taɓa jin mai sana'ar da ke korar masu zuwa wurinsa da hannunsa kamar Malama ba. Za ta zauna ta saurare ka tsaf, ta rubuta maka duk abin da ke ranka, amma in an zo ƙarshe sai ta juyo maka da takardar ta ce sunanka kai za ka rubuta. Ka ce ba ka iya ba, ta ce ai shi ya sa kujerar take biyu. Ta kama hannunka, kuna ja kuna gumi, har sunan ya fito ko da a karkace. In ka dawo wata na gaba, suna da gaisuwa naka ne. Na gaba kuma har da adireshi. Masu dako, direbobi, masu wanki, tsofaffin da 'ya'yansu suka yi nisa, duk ta wannan kujerar suka bi. Ranar da ta naɗe teburin, bayan shekara talatin, da wuya ka sami mai bukatarta a unguwar, kuma wannan ne abin da ta fi alfahari da shi.

Alƙalami mai shan tawada take aiki da shi, ta ƙi biro har ƙarshen rayuwarta. Tana kuma da ɗabi'ar yin tagumi in tana sauraron mutum, don haka kullum in an tashi aiki da ɗigon tawada a kuncinta na hagu. Baba zai fito daga ciki ya nuna nasa kuncin da yatsa ya ce, "Malama, kin sake shafawa." Ita kuma ta goge da bakin mayafi, ta ƙara baza abin, su kama hanyar gida.

Shekara uku ke nan da rasuwarta. Baba ya yi ritaya shekara guda bayan haka, amma ƙafarsa ba ta yi ba. Kullum da safe yana kan bencin barandar, yana gaisawa da mutane, yana sauraron yadda Dogo, wanda ya gaji kujerarsa, ke dukan wasiƙu kamar mai daka. Dogo magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, daga sashen kaya aka dawo da shi, kuma a ganinsa kan sarki da kwali duk ɗaya ne.

A wannan barandar aka liƙa sanarwar hedikwata. Za a fitar da sababbin kan sarki guda huɗu masu ɗauke da fuskokin mutanen da suka cancanci a yi koyi da su, kuma ana so jama'a su rubuto wasiƙa su faɗi wanda suke ganin ya dace. Sati biyu aka yi ana musu a wurin. Mai gadi ya rantse babu wanda ya kai marigayi golan nan da ya tare fenareti uku a wasa ɗaya, domin ranar ƙasa kaf ta yi barci da murmushi. Mai jarida ya ce tare ƙwallo ba hali ba ne, shi mawaƙi yake so. Dogo ya leƙo ta taga ya ce a sa likita mana, kowane ne, ai likita likita ne. Da aka juyo kan Baba, cewa ya yi shi ba ruwansa da wanda za a sa, illa dai yana yi masa addu'a tun yanzu, don zai faɗa hannun Dogo. Aka yi dariya aka watse. Bai san cewa cikin wasiƙun da ake jefawa a jan akwatin da ke gefensa, da yawa maganar gidansa suke yi ba.

Wata Litinin, bayan wata huɗu, Manaja ta aiko a kira shi ofis. Ita ma Manajar a hannunsa ta koyi aiki tun tana budurwa, har yanzu in ya shigo miƙewa take yi. Ya tarar da Auta, 'yarsa ta ƙarshe, zaune da farin kayan asibitinta, alamar daga aiki ta zarce. Gabansa ya faɗi, ya zaci wani abu ne ya sami jikokinsa. Sai ya ga duk su biyun murmushi suke ɓoyewa.

Manaja ta gyara murya ta karanta masa takardar. Kwamiti ya tantance dubban wasiƙu, ya zaɓi mutum huɗu, kuma Malama na cikinsu. Abin da ya rage kawai shi ne mijinta ya sa hannu a takardar amincewa kafin tashi aiki ranar Juma'a. In bai sa ba, gurbin zai koma ga na biyar, wato golan mai gadi.

Baba ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba. Wani abu ya cika masa ƙirji, mai daɗi, mai nauyi. Matarsa, mai tebur mai naɗewa, wadda ko lambar yabo ta gwangwani ba a taɓa ba ta ba, yau ƙasa guda ce ta ce a dube ta a yi irin nata. Ya so a ce tana nan ta ji, don ya san abin da za ta ce: a bar wannan surutun a ba ta takardar ta ga ko an rubuta daidai. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya karɓi biro daga hannun Auta, ya ɗora bakin biron a kan layin.

A daidai lokacin ne, ta bayan bango, Dogo ya fara buga wa wasiƙun buhun rana hatimi. Dum, dum, dum. Baba ya tsaya yana saurare. Kunnensa ya san bambancin bugun da aka duba da wanda ba a duba ba, kuma wannan ko kallon inda yake sauka ba a yi. Ya ajiye biron a hankali, ya tura takardar gaban Manaja.

"Ba zan sa ba," in ji shi.

Ya tashi ya fita, ya bar su suna kallon juna.

Da la'asar Auta ta same shi a gida, a ɗakin zama, ƙarƙashin hoton Malama. Ta fara da lallami, irin na 'yan auta da suka san inda ake taɓa uba. Ta tuna masa ita ce ta fara rubuta wasiƙar, ta bi gida-gida tana gaya wa tsofaffin ɗaliban Mama, kuma ba ta rubuta wa kowa ko layi ɗaya ba, kowa da hannunsa ya yi. Baba ya ce ya gode, Allah ya yi mata albarka, amma magana tana nan inda take. Ya ce shekara talatin da takwas suka yi tare, bai taɓa ɗaga wa uwarta yatsa ba, ko tsawa mai ƙarfi bai taɓa yi mata ba. Yanzu da ta kwanta ba ta iya kare kanta, shi ne zai ɗauki fuskarta ya raba wa dubban hannaye, kowane gari da nasa Dogon, a yi ta dukanta safe da yamma da baƙar tawada? Ya ce su ba su san abin da ke faruwa a bayan kanta ba, shi ya sani. Ya ga manyan mutane an toshe musu ido, an yanke musu hanci, an shafe musu baki. A ba gola, ya saba da a buga masa abu a fuska.

Auta ba ta yi dariya ba. Ta ce takarda ce fa, Baba, ba Mama ba ce. Ya ce in takarda ce kawai, me ya sa take kuka a kanta? Nan ranta ya ɓaci. Ta miƙe ta ɗauki jakarta, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, Mama ba taka ba ce kai kaɗai. Mutanen nan da suka rubuto, su ma uwarsu ce. Kana kare fuskarta, kana binne sunanta."

Maganar ta shige shi sosai. Talata bai je baranda ba. Laraba ma haka. Labari kuwa ya riga ya zaga, don mai gadi ya fara yi wa mutane albishir cewa golansa ya kusa shiga. Tsohuwa mai wanki, wadda Malama ta koya wa rubutu tana da shekara hamsin da biyar, ta zo har gida da sandarta, ta tsaya a tsakar gida ta wanke shi tas, ta ce ita dai ta san taurin kai amma ba ta taɓa ganin wanda aka yi wa ritaya ya ƙi sauka ba. Baba ya ba ta kujera da ruwa, ya saurare ta har ta gaji, bai canza ba. Ba wai ba ya so ba ne. Yana so har cikin ƙashinsa. Amma duk lokacin da ya rufe ido ya ga fuskar Malama a kusurwar ambulan, sai ya ga baƙin hatimi yana saukowa.

Ranar Alhamis da hantsi motar gidan waya ta tsaya a ƙofar gidansa. Manaja ta fito, Auta na biye da ita, direba ya shigo da buhu ya ajiye a ɗakin zama. Manaja ta ce ba roƙo ta zo yi ba. Hedikwata ce ta aiko wa iyali wasiƙun da aka rubuta a kan Malama, ko an sa hannu ko ba a sa ba nasu ne. Auta ta kwance bakin buhun ta zazzage a kan tebur, wasiƙu suka zube har ƙasa. Ta ce ya karanta ko da guda ɗaya ce.

Bai karanta ba. Wanda ya shekara arba'in a bayan kanta ba ya ganin tulin wasiƙu ya fara da buɗewa. Hannunsa ne ya kama aiki da kansa, yana ɗauka yana juyawa, yana jera su fuska ɗaya, kan sarki a sama ta dama, yana buga gindinsu a tebur su daidaita. Auta ta buɗe baki za ta yi magana, Manaja ta taɓa mata hannu.

Can sai jerawar ta ragu. Ya ɗaga wata ambulan kusa da tabarau, ya duba hatimin, ya ce wannan bugun Gajere ne, har yanzu yana danna gefen dama fiye da kima. Ya ɗauki wata ya ce wannan ta Bahaguwa ce, ga shi hatiminta ya ɗan kwanta, ashe can aka mayar da ita. Ya yi ta kiran sunayen mutanen da suka bar hannunsa shekara ashirin, shekara talatin, yana gane su kamar yana jin muryarsu. A kowace ɗaya hatimin yana kusurwar ƙasa, fuskar da ke jikin kan sarkin tana kallonsa garau. Sai kuma ya fara cin karo da garuruwan da bai taɓa tura kowa ba, wasu ko sunansu bai taɓa ji ba, amma bugun na gefe ne. Ya ɗago ya dubi Manaja.

Ta ce ai ta daɗe tana so ta gaya masa. Bara da ta je kwas a hedikwata, ta ji wani matashin malami yana ce wa sababbin ma'aikata "gefe, gefe". Da ta tambaye shi inda ya samo, sai ya ce shi ma haka aka koya masa, bai san mafarin abin ba.

Baba ya raba wasiƙun kashi biyu. Na waɗanda aka buga a fuska bai kai tsawon yatsa ba. Ɗaya kashin kuwa sai da ya jingina shi da bango don kada ya rushe. Yana cikin kallon wannan tulin ne ya lura da abu na biyu, wanda ya fi na farko kama shi. Rubutun adireshin. Hannaye ne daban-daban, wani na rawa, wani manya-manyan baƙaƙe kamar za su faɗo daga takardar, amma duk tsari ɗaya: suna a sama, layi a miƙe, kan sarki a zaune daram da tazarar yatsa ɗaya daga bakin ambulan. Haka Malama take sa kowa ya yi, har ta kan ɗora yatsanta ta auna. Ashe a kowace ambulan su biyun suna nan, ita a tsakiya, shi a kusurwa, kamar yadda suka yi zamansu a gidan waya.

Sai a lokacin ya buɗe guda ɗaya. Daga wani mai dako ce da ya koma wani gari mai nisa. Layi uku ne kacal. Ya ce shi bai san manyan mutane ba, amma ya san matar da ta riƙe hannunsa mai kanta har ya rubuta sunansa, kuma yau shi ke duba wa 'yarsa aikin makaranta. Ya ce wannan wasiƙar babu wanda ya taya shi.

Baba ya naɗe ta yadda take, ya mayar. Ya tambayi Manaja ko ta zo da takardar. Ta ce tana mota. Ya ce a ɗauko, amma da sharaɗi: a ba shi Dogo na sati biyu.

Abin da Dogo ya gani a sati biyun nan, shi kaɗai zai ba da labari. Magidanci da gemunsa, aka tsayar da shi yana buga hatimi a tsofaffin jaridu, Baba na tsaye a kansa da 'yar rula yana cewa gefe. Mai gadi kuwa ya yi kwana uku ba ya gaishe da kowa, daga baya ya sauko, ya ce dama shi ma Malama ce ta koya masa cika littafin baƙi.

Bayan wata shida kan sarkin ya iso. Manaja ta kira Baba da Auta ofis ta buɗe musu fallen farko, fuskar Malama hamsin a jere. Daga hoton ranar da Auta ta gama makarantar jinya aka zana ta. Mai zanen gwani ne, babu laifi. Ya gyara mata zaman mayafi, ya share 'yan layukan goshi, ya sa fatar ta yi sumul, ga alƙalami a ƙasa, ga sunanta. Baba ya daɗe yana kallo. Alfahari ya ji, har wuyansa ya ƙara tsawo. Amma a hanyar gida ya ce wa Auta, a hankali kamar mai tsoron a ji, matar kyakkyawa ce ƙwarai, sai dai shi bai san ta ba. Auta ta ce haka ake yin na hukuma. Ita ma abin da ta ji ke nan, ba ta dai so ta faɗa.

Ranar ƙaddamarwa aka share barandar, aka jera kujeru, aka fito da teburin Malama mai naɗewa aka shimfiɗa masa farin ƙyalle. Wani babba ya zo daga hedikwata ya yi jawabi mai tsawo a kan abin koyi, ya kira sunan Malama daidai sau biyu, ba daidai ba sau ɗaya. Mutane ba shi suke kallo ba. Layin suke kallo, wanda ya taso daga bakin teburin ya sauka matakala ya bi titi har ya sha kwana: tsofaffin ɗalibanta, kowa da ambulan a hannu, da rubutun kansa, da sabon kan sarki a zaune da tazarar yatsa ɗaya.

Aka ce Baba ne zai buga hatimin farko. Manaja ta miƙo masa nasa na da, mai mariƙin katako da tafin hannunsa ya cinye har ya yi santsi, an riga an saita kwanan wata. Ya zauna a kujerar Malama. Ta farko a layi tsohuwa mai wanki ce, don babu wanda ya isa ya shiga gabanta. Ta ajiye ambulan ɗinta, ta ja da baya.

Baba ya dangwala hatimin a soso, ya ɗaga. Sau dubu nawa ya yi wannan a rayuwarsa, ko ido rufe zai iya. Amma yau da ya duba don ya auna kusurwa, sai ya ga a teburinta yake, a kujerarta, ga mutanenta sun cika titi, ita kaɗai ce babu. Idonsa ya kawo ruwa, tabarau ya yi hazo, hannun da bai taɓa rawa ba ya yi rawa. Hatimin ya sauka.

Da ya ɗaga, kowa ya leƙo. Bugun ya haura sama da inda ya nufa. Bakin zoben hatimin ya taɓa fuskar, ya bar baƙin ɗigo a kuncinta.

Dogo, da ke tsaye a baya, ya ce "gefe, Baba" can ƙasa-ƙasa, ba da izgili ba, bakinsa ne ya saba. Baba ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shekara arba'in da ɗaya yana kare fuskokin mutanen da bai sani ba, ya hana 'yarsa barci, ya wahalar da bawan Allah sati biyu, ga shi fuska ɗaya tak da ya taɓa ɓatawa a duniya ita ce tata, a gaban kowa. Manaja ta matso da sauri da wata ambulan a ɓoye a hannunta, tana raɗa masa cewa ba komai, a sake, babu wanda zai sani.

Kafin ta kai hannu, tsohuwa mai wanki ta riga ta ɗauke abinta. Ta kai ambulan ɗin dab da idonta, ta karkata ta wajen haske, ta daɗe tana dubawa.

"Yauwa," in ji ta. "Sai yanzu na ga Malama. Tun ɗazu nake cewa wace ce wannan mai tsabtar."

Auta ta karɓa ta duba. Sai ta toshe baki da hannu, dariya da kuka suka haɗe mata. Ta miƙa wa na bayanta, na baya ya miƙa wa na bayansa, ambulan ɗin ta bi layi tana tafiya, duk inda ta isa sai ka ji an ce wallahi ita ce. Babban hedikwata ya tambayi Manaja me ke faruwa, ta ce masa dogon labari ne.

Da ta zagayo ta dawo hannun Baba, ya goge tabarau ya duba da kyau. A kuncin hagu ɗigon yake, ƙasa da ido kaɗan, daidai inda yatsanta ke zama in ta yi tagumi. Matar nan da bai sani ba, ta tafi, tasa ta dawo. Ya roƙi mai wanki ta bar masa wannan, zai sa a kawo mata wata. Ta ce ya karanta adireshin mana, ai shi ta rubuta wa, amma ba za ta ba shi a hannu ba, ta sayi kan sarkinta, sai gidan waya ya yi aikinsa. Ta karɓe ta jefa a jan akwati.

Baba ya gyara zama ya ce na gaba. Ya buga wa mutum ɗari biyu da wani abu a ranar, har rana ta karkata, kowanne a kusurwar ƙasa, babu wanda ya kuskure ko da gashi ɗaya.

Washegari da hantsi mai raba wasiƙu ya yi sallama a ƙofar gida. Baba ya karɓa, ya shiga ɗakin zama, ya jingina ambulan ɗin a kan tebur inda haske ke faɗowa. Bai yi gaggawar buɗewa ba. Ya zauna yana kallonta, sannan ya ɗaga yatsa ya nuna kuncinsa.

"Malama," ya ce, "kin sake shafawa."